Wasiƙa zuwa ga abokina mai neman sanyin murya a jita

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, iyali ma suna lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarka da ba ta raguwa. Saƙonka ya iso, har da kiɗan da ka naɗo min. Sau uku na saurare shi a daren da ya shigo, na kuma sake ji da safe. Hannunka ya faɗa ƙwarai, tsirkiyoyin suna fita tar, babu wadda ta mutu a ƙarƙashin yatsa. Na san sai da yatsunka suka yi kanta kafin ka kai nan, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Kuka biyu ka kawo min. Ka ce ka haddace kamu ya fi talatin daga takarda, amma idan ka zauna haɗa naka kiɗan ba ka san wanda zai bi wani ba, sai lalube. Ka kuma ce kana son kiɗan ya yi sanyi, ya taɓa zuciya, amma ko da Am ka fara, kafin ka ankara ya koma na annashuwa. Matsalar biyu ce a ido, amma tushenta ɗaya. Shi ya sa na ƙi amsa maka da gajeren saƙo, na zauna na rubuto. Ɗauko jitar ka ajiye a cinya kafin ka ci gaba da karatu, don wannan magana ba ta shiga sai da kunne.

Ka manta da kod tukuna, wato kamun nan da ke haɗa sautuka da yawa a bugu ɗaya. Kama tsirkiya ta biyar idan ka ƙirgo daga siririyar, wato A, ita kaɗai. Kaɗa ta a sake, sannan ka bi gaɓoɓin da aka raba wuyan jitar da su, ka danna gaɓa ta 2, ta 3, ta 5, ta 7, ta 8, ta 10, ka ƙare a ta 12. Abin da ka ji shi ne A, B, C, D, E, F, G, sai A ta sama. Wannan shi ne tsanin maina na asali, wato jerin sautuka mai sanyin ji, wanda ba a taɓa masa komai ba. Duba tazarar da ke tsakanin matakan: gaɓa biyu, ɗaya, biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu. Wurare biyu ne kawai sautuka suka matsu da juna, tsakanin B da C, da tsakanin E da F. Riƙe su da kyau, don duk ɗanɗanon tsanin daga nan yake fitowa. Za ka ga wasu suna kiransa Eyoliyan. Wani masanin kiɗa ɗan Suwizalan, Heinrich Glarean, shi ya ba shi wannan suna a littafinsa na 1547, kuma sunan ne kawai ya bambanta, tsanin ɗaya ne. Hau ka sauka a kansa kana bi da muryarka, har sai kunnenka ya san sautin da zai zo kafin yatsa ya kai.

To, kod ɗin da kake haddacewa duk daga cikin waɗannan bakwai aka haife su, kuma hanyar haihuwarsu ɗaya ce tak: ɗauki ɗaya, tsallake ɗaya, ɗauki na gaba, sake tsallakewa, ɗauki na uku. Fara daga A. Ka tsallake B ka ɗauki C, ka tsallake D ka ɗauki E. A, C, E, shi ne Am ɗin da ka sani. Kama shi yanzu ka bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya: ta biyar a sake A ce, ta huɗu a gaɓa ta 2 E ce, ta uku a gaɓa ta 2 A ce, ta biyu a gaɓa ta 1 C ce, siririyar a sake E ce. Tsirkiya biyar kake kaɗawa, amma sautuka uku ne, biyu sun maimaitu. Ranar da na fara gane haka na daɗe zaune ina kallon hannuna, domin shekara da shekaru ina kama abin ban taɓa tambayar me ke cikinsa ba.

Yi haka daga kowane mataki. Daga C za ka sami C, E, G. Daga D, D, F, A. Daga E, E, G, B. Daga F, F, A, C. Daga G, G, B, D. Idan ka jera su da na B, wanda zan dawo kansa, ga iyalin gidan: Am, Bdim, C, Dm, Em, F, G. Am, Dm da Em su ne maina, C, F da G kuma meja, wato masu haske. Ba wani ne ya zauna ya ce wannan ya zama maina wancan ya zama meja ba. Ƙirga gaɓoɓi ka gani. Daga A zuwa C gaɓa uku ne, shi ya sa Am yake da sanyi. Daga C zuwa E gaɓa huɗu ne, shi ya sa C yake da haske. Duk inda ɗaya daga matsattsun wuraren nan biyu ya faɗo tsakanin tushe da sauti na tsakiya, tazarar uku ce, kod ɗin maina ne. Inda bai faɗo ba, huɗu ce, meja ne. Gaɓa ɗaya tak ce ta raba fuskar da ke murmushi da wadda ta yi tagumi.

Na B shi ne bare a cikinsu. A sauran shida, daga tushe zuwa sauti na uku gaɓa bakwai ne, tazarar da ke zaunar da kod daram. A B, D, F kuwa shida ne, domin matsattsun wuraren biyu duk sun faɗo cikinsa. Shi ya sa yake kamar mutumin da ke tsaye da ƙafa ɗaya, ba ya iya daɗewa. Kada ka tsane shi, kada kuma ka matsa wa kanka sai ka sa shi. Yana da ranarsa.

Yanzu ga kukanka na biyu, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka duka. Waɗannan kod bakwai su ne dai na C meja, babu ƙari babu ragi. Sautukan ɗaya ne. Idan ka fara ƙirga daga C ka sami meja, idan ka sauko gaɓa uku ka fara daga A ka sami maina. Saboda haka ba jerin kod ne ke sa kiɗa ya zama maina ba. Abin da ke sa shi shi ne inda kunne ya ɗauka gida ne, wato inda yake hutawa. Ni ma na sha wannan wahalar. Na taɓa shafe watanni a kan wani kiɗa, ina farawa da Am, ina jin haushin ya ƙi yin sanyi. Wani dattijon makaɗi ya saurare ni har na gama, bai ce komai ba, sai ya ce in sake, amma in tsaya inda raina ya kwanta. Na sake. Hannuna da kansa ya je ya tsaya a kan C. Ya ɗora yatsa a wuyan jitar ya ce, to nan ne gidanka, Am baƙunta kake kai masa. Tun ranar ban sake jin kiɗa yadda nake ji a da ba.

Abin da ya faru da naka ke nan. Kana yin Am, F, C, G, kuma jeri ne mai kyau, ba shi da laifi. Amma saurari naɗin da kanka. Am kana ba shi bugu biyu ka wuce, C kana ba shi huɗu, muryarka kuma duk ƙarshen layi a kan C ko E take sauka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gwada ka juya abin: ba Am bugu huɗu ko ma takwas, ka rage wa C, ka bar babban yatsanka yana komawa kan tsirkiyar A a sake a farkon kowane zagaye, kuma ka sauke muryarka a kan A a ƙarshen baiti. Idan kana so ka tabbatar, cire C gaba ɗaya na kwana biyu, ka yi Am, G, F, G, ka koma Am. Sai ka ji G yana hawa gaɓa biyu ya shiga gida a natse. In kunnenka ya zauna, dawo da C, za ka tarar ya zama baƙo mai kawo haske, ba mai gida ba.

Akwai sauti ɗaya da nake so ka yi abota da shi, wato F, mataki na shida. Yana zaune gaɓa ɗaya a saman E, kullum kamar zai zame ya faɗo. Kama Dm, ka lura manuniyarka tana kan gaɓa ta 1 ta siririyar tsirkiya, F ke nan. Koma Am, siririyar ta saku, ta zama E. Yi shi a hankali, Dm zuwa Am, kana sauraron wannan tsirkiyar ita kaɗai. Wannan 'yar saukowar, kamar ajiyar zuciya, ita ce sanyin da kake nema. Don ka gane girmanta, ɗaga F ɗin gaɓa ɗaya ya zama F#, Dm ya koma D. Nan take kiɗan zai buɗe, ya yi wani irin ƙarfin gwiwa. Yana da daɗi, amma ka fita daga tsaninmu, ka shiga wanda ake kira Doriyan.

Sai maganar Em, wadda na san za ka ci karo da ita ko ka riga ka ci. Mutane da yawa za su ce maka bayan Dm ka kama E ko E7, kada ka kama Em, wai Em ba shi da ƙarfi. Dalilinsu na gaskiya ne, bari in nuna maka. A cikin Em akwai G, kuma daga G zuwa A gaɓa biyu ne. Idan ka ɗora manuniya a gaɓa ta 1 ta tsirkiya ta uku, G ya zama G#, saura gaɓa ɗaya ya taɓa A. Sautin da ya matso gida haka ba ya iya zama, sai ya shiga. Kama Em, ɗora yatsan, ɗage shi, sake ɗorawa, ka ji yadda yatsa ɗaya ke juya ɗakin gaba ɗaya. Idan ka mai da shi E7, ka ɗage yatsan da ke tsirkiya ta huɗu ta saku ta ba da D, jan ya ƙara tsanani: G# na son hawa zuwa A, D na son sauka zuwa C, su biyun kuma Am suke nufa. Makaɗan Turai sun daɗe suna wannan ɗagawar a ƙarshen jimla, har aka ware tsanin da ke da G# ɗin aka ba shi suna nasa, maina na jituwa. A cikinsa daga F zuwa G# gaɓa uku ne, tsalle mai faɗi da kunne ke ganewa nan take. Haka kuma saukowar nan ta Am, G, F, E, wadda ake jinginawa ga yankin Andalus na Sifaniya da kiɗan filamenko, G# ɗin ne ke ba ta zafinta a ƙarshe.

Duk da haka, ni ban yarda Em nakasasshe ne ba, kuma zan so kada ka yi saurin guje masa. E yana kamo ka ya kai ka gida ko kana so ko ba ka so. Em kuwa hanya yake nuna maka, ya bar ka ka taho da ƙafarka. Akwai kiɗan da ke buƙatar a rufe ƙofa da ƙarfi, akwai wanda rufewar ke ɓata shi. Naka, yadda na ji muryarka tana tafiya a hankali kamar mai ba da labari da dare, na biyun ne. Idan ka zuba masa E7 a kowane zagaye zai zama kamar mai kuka da ƙarfi don a ji shi. Shawarata, yi baitocin duka da Em da G, ka ajiye E guda ɗaya tak, kafin amshi na ƙarshe. Kunnen da ya daɗe yana jin G zai ji G# ɗin kamar an kunna fitila. Abu ɗaya kawai za ka kiyaye: a daidai wurin, kada muryarka ta riƙe G alhali jita tana ba da G#, za su yi karo, sai dai in da gangan kake neman wannan ɗacin.

A nan ne kuma baren nan na B yake samun aikinsa. Ƙara masa sauti na huɗu da hanyar tsallaken nan, ka sami B, D, F, A, wanda ake rubutawa Bm7b5. Kamunsa ba wuya: tsirkiya ta biyar a gaɓa ta 2, ta huɗu a ta 3, ta uku a ta 2, ta biyu a ta 3, ka kashe na gefe biyu. Duba cikinsa da kyau, Dm ne aka sa masa B a ƙasa. Don haka duk inda Dm zai tafi E, shi ma zai iya, da ɗan ƙarin duhu. Masu kiɗan jaz suna yawan bin wannan hanyar, Bm7b5, E7, Am.

Ƙarin sauti na huɗun nan yana aiki a kan sauran ma, kuma a jita yawanci ɗage yatsa ne, ba ƙari ba. Ɗage yatsan zobe daga Am, tsirkiya ta uku ta saku, ka sami Am7. Ɗage manuniya daga C ka sami Cmaj7. Wanda na fi ƙauna shi ne Fmaj7, kuma zai hutar da kai daga kamun F mai danne tsirkiya shida da ka ce yana gajiyar da hannunka: ta huɗu a gaɓa ta 3, ta uku a ta 2, ta biyu a ta 1, siririyar a sake. F, A, C, E. Am ne cikakke yake zaune a kan F. Shi ya sa tafiya daga Am zuwa Fmaj7 take da santsi haka, sautuka uku ba su motsa ba, ƙasa ce kawai ta canja. G7 ne zan ja maka kunne a kansa. Yana ɗauke da B da F, masu tazarar gaɓa shida, kuma su biyun C suke ja, ba A ba. Idan matsalarka dama ita ce kiɗa yana gudu zuwa C, G7 zai ƙara masa gudu. Bar G yadda yake.

Kada kuma ka ɗauka dole tushen kod ne zai zauna a ƙasa. Tun 1722 Jean-Philippe Rameau na Faransa ya yi bayanin cewa kod ɗin da aka juya, aka sa wani sautinsa a ƙasa, bai tashi daga sunansa ba. Amfanin wannan gare mu shi ne ƙasa ta riƙa tafiya taki-taki maimakon tsalle. Daga C za ka Am, sa G a tsakani amma da B a ƙasa. Babban yatsanka zai bi tsirkiya ta biyar, gaɓa ta 3, ta 2, sannan a sake: C, B, A. Wannan saukowar kaɗai tana gaya wa kunne cewa A ne masauki.

Ka tambaye ni yadda za ka sa wa waƙar murya ta biyu. Hanyar tsallaken ce dai. Idan kana kan A, na biyun ya riƙe C, kana B yana D, kana C yana E, haka har sama, ba tare da fita daga bakwai ɗin ba. Jita ta sauƙaƙa ganin wannan a tsirkiya ta uku da ta biyu, domin tsakaninsu gaɓa huɗu ne, ba biyar ba kamar sauran. Kaɗa su tare: 2 da 1, 4 da 3, 5 da 5, 7 da 6, 9 da 8, 10 da 10, 12 da 12. Inda yatsun suka daidaita a gaɓa ɗaya meja ne, inda na tsirkiya ta biyu ya ja baya maina ne. Iyalin gidan ne kake gani a jere da idonka. Wajen zaɓar kod ga muryarka kuwa, ka sani kowane sauti yana zaune a kod uku. C yana cikin C, yana cikin Am, yana cikin F. Riƙe C da murya, ka canja su ukun a ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya. Sautinka bai motsa ba, amma a kan C ya zauna, a kan Am ya yi laushi, a kan F ya zama kamar mai jiran amsa. Kalmar da ke bakinka a wurin ita za ta gaya maka wanda ya dace.

Na lura a ƙarshen amshi muryarka tana shan wuya wajen sauka ƙasa. Idan A ta yi maka zurfi, matsa da kafo, abin nan da ke danne tsirkiyoyi duka a wuri ɗaya, a gaɓa ta 2 ko ta 3 ka ci gaba da kamun da ka saba. Ko ka ɗauki ƙirgen nan na biyu, ɗaya, biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu ka fara daga wani wuri. Daga E zai ba ka E, F#, G, A, B, C, D, kod ɗin su zama Em, F#dim, G, Am, Bm, C, D. Rubuta su da hannunka, kada ka nemo a takarda, sannan ka gwada daga D, inda za ka haɗu da Bb, wato B da aka sauke gaɓa ɗaya. Tsarin ba ya canjawa: na ɗaya, na huɗu da na biyar maina, na uku, na shida da na bakwai meja, na biyu matsattse.

Ka sake naɗo min kiɗan nan sau biyu, ɗaya da Em duka, ɗaya da E guda kafin amshin ƙarshe, kada ka gaya min wanda ka fi so sai na faɗi nawa. Tsirkiyarka ta uku kuma ta ɗan sauka a naɗin da ka turo, ka saita ta kafin ka fara, don a kanta G da G# suke zaune. Da muna kusa da mun kwana a kan wannan, jita biyu, kai kana riƙe da ƙasa ni ina bin sama. Allah ya sada mu da alheri. Ka gaida min iyali da kyau, da yaran duka.

Naka har kullum,
abokinka